Kafin ka ajiye saba a gidanka, fara da maganar wuta

Yawancin shawarwarin da za ka gani a intanet kan ajiye saba a gida mutanen da ba a ɗauke musu wuta ne suka rubuta su. Mutum yana zaune a Jamus ko Kanada, shekara guda wutarsa ko ƙyaftawa ba ta yi ba, fayiba ta shigo masa har ɗaki, gari ga sanyi, sai ya ce maka je ka sayi tsohuwar sabar kamfani mai faifai takwas ka jibge a gareji. Toh kai da kake Kano ko Zariya ko Maraɗi in ka ɗauki maganar nan yadda take aljihunka ne kawai zai ji jiki. Mu nan tambayar da ke gaba da komai ita ce, in an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare kana barci, aka dawo da ita da asuba, na'urar nan za ta tashi da kanta ta ci gaba da aikinta ba tare da ka taɓa ta ba? In amsar a'a ce to da sauranka, kuma duk wata manhaja da za ka ɗora a kai wahalar banza ce.

Ga wanda bai san zancen ba, sabar gida wata kwamfuta ce da ake ajiyewa a lungu, ba sikirin ba kibod, tana kunne dare da rana, wayoyin gidan da sauran kwamfutoci suna shiga cikinta ta wayifai su ajiye abu ko su ɗauko. Abin da ya tura da yawanmu harkar ba ɓoyayye ba ne. Tun 1 ga Yunin 2021 Google Photos ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, komai ya koma cikin GB 15 ɗin nan da ake rabawa da Gmail da Drive, sannan daga farkon 2024 bakof ɗin WhatsApp na Android shi ma ya shigo lissafin, kuma kowa ya san bidiyon biki ɗaya da na suna biyu sun isa su cinye wajen tas. Ga kuma tarin karatuttuka da tafsirai da mutane ke yawo da su a memori, ga katun ɗin yara da ake ta maimaita kalla ana ƙona data a kan abu ɗaya kullum. Duk waɗannan akwati ɗaya a gida ya ishe su.

Akwatin kuma ba sai sabo ba. Ni abin da nake cewa kowa shi ne ya nemi ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan na tokumbo masu girman littafi, Dell OptiPlex Micro, Lenovo ThinkCentre Tiny, ko HP EliteDesk Mini, ana samunsu wajen masu kayan kwamfuta a Kano da Kaduna da Abuja, in kana da ɗan uwa a Legas kuma Computer Village ta Ikeja cike take da su. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ya karɓar yawancin furosesan Intel da ke ƙasa da ƙarni na 8, saboda haka masu ƙarni na 6 da na 7 sun zama kaya a wuyan kamfanonin waje, mu kuwa da za mu ɗora Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ko a jikinmu. i5 ƙarni na 7 ko na 8 da RAM GB 8 ya wadatar, in da hali ka kai shi 16. Abin da ya sa nake nacewa a kansu shi ne shan wuta. Irin wannan in tana zaune ba ta wani aiki mai nauyi wat 10 take sha ko ƙasa da haka, tsohuwar babbar kwamfutar tebur kuwa mai katin gem da faifai uku tana iya kai wa wat 100 tana zaune kawai. Yi lissafin da kanka, wat 10 sau awa 24 sau kwana 30 yunit 7.2 ke nan a wata, wat 100 kuma yunit 72. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A, rukunin da aka fi ba wuta a Najeriya, naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta amma bai sauka ƙasa da 200 ba a shekarar, ka ga ɗaya wajen naira 1,500 ce a wata ɗayar kuma 15,000, kafin ma a zo maganar batir wanda shi ne ainihin inda bambancin ke cizo.

Don batir ɗin inbata na 200Ah mai bolt 12 a takarda wat-awa 2,400 ne, amma in irin na ruwa ne kana son ya yi ƙarko rabi kawai za ka riƙa ja, wato 1,200. Saba mai wat 10 da rauta mai wat 10 za su kwana biyu a kai ba su gama shi ba, mai wat 100 kuwa cikin awa 12 ta shanye, ga fanka ga fitila ga cajin waya duk suna jiran rabonsu, kuma in fankar ɗaki ta tsaya a watan Afrilu saboda wani akwatinka da ba wanda ya san amfaninsa, ba sai na faɗa maka yadda zaman gidan zai kasance ba. Kar kuma a manta ita kanta inbata tana shan wuta ko babu komai a jikinta, wata ma ta fi sabar sha.

Shi yasa tsohuwar laftof ba abin rainawa ba ce, wallahi ga mai farawa ita ce ma ta fi. Ta zo da batirinta a jiki, ta zo da sikirin da kibod na ranar da abu ya rikice, shan wutarta kaɗan ne. Ko sikirin ɗin ya tsage ba komai. Abu biyu za ka yi mata. Na farko ka hana ta barci in an rufe murfi, a Debian ko Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, ka buɗe fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf ka sa HandleLidSwitch=ignore shikenan. Na biyu batirin, don batirin laftof in ya daɗe a cike ɗari bisa ɗari cikin zafinmu kumbura yake, alamar farko za ka ga wajen taɓa linzamin ya ɗan ɗago ya daina dannuwa, ko ka ajiye ta a tebur ka ga tana rawa ba ta zauna daidai ba, in ka ga haka kashe ta ka cire batirin a ranar, ba abin wasa ba ne, gobara yake jawowa. ThinkPad da wasu Dell suna bari ka tsayar da caji a kashi 80, a Linux manhajar TLP ke yin wannan a ThinkPad, Dell kuma cikin BIOS saitin yake, wato shafin saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta kafin Linux ya tashi.

Raspberry Pi fa, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu? Na san ita ce ake ta yayi, kuma na'ura ce mai kyau, amma a wajenmu ban cika ba da shawararta ba. Kafin ka haɗa allon da caja ta ainihi da gida da fanka da faifai kuɗin ya kamo na tokumbon da na faɗa ko ya wuce, ga ta da tsirfa a kan caja, Pi 4 tana son bolt 5 amfiya 3, Pi 5 har amfiya 5 take nema, cajar waya ta kasuwa ba za ta riƙe ta ba. Babbar matsalar kuma katin memori, a ɗauke wuta tana cikin rubutu a kai sau kaɗan katin ya lalace. In ita gare ka to ka tashe ta daga SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ta USB. Sannan Pi 4 da na bayanta ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya in ba wuta, sai ta tashi da tsohon lokaci, in intanet bai dawo da wuri ba ta gyara agogon sai ka ga abubuwa suna ƙin haɗuwa wai takardar shaida ba ta inganta ba, ka yi ta neman matsala inda ba ta.

Sai UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ƙananan nan masu 650VA da ke ko'ina a kasuwa batirin cikinsu yawanci 7Ah ne mai bolt 12, an yi su ne don ƙasar da wuta ke ɗaukewa minti biyar sau ɗaya a wata. A nan kullum sai an tatse shi har ƙasa, 'yan watanni batirin ya mutu ya koma ƙara kawai yake yi. Kuma da yawansu ba sa shiri da ƙaramin janareta, za ka ji yana ta ƙas ƙas ƙas yana komawa batir yana dawowa saboda wutar ba ta tsaya masa daidai ba, har batirin ya ƙare janareta na kunne. Amfaninsa ɗaya ne a wajena, ya riƙe saba na 'yan mintunan da za ta kashe kanta cikin mutunci. In yana da ramin USB akwai manhaja NUT ko apcupsd da ke sauraron sa, da batir ya yi ƙasa sai ta umarci saba ta rufe komai ta kwanta. In gidan da inbata da sola to ka duba ko tana da saitin UPS ka sa ta a kai don ta riƙa juyawa da sauri, in ba haka ba 'yar ƙyaftawar da take yi lokacin juyawa ta isa ta sa kwamfuta ta sake tashi. Rauta kuma ka saya mata ƙaramin batirin DC ɗin nan da ake sayarwa musamman don rauta, ya fi arha kuma ba asarar juya wuta daga batir zuwa 230 a sake dawo da ita 12. Kuma don Allah ka sa abin kariya a soket, ko irin ɗan akwatin da ake sa wa firji mai jira 'yan mintuna kafin ya saki wuta, don lokacin da ake dawo da wuta da ƙarfi ko ana kawowa ana ɗaukewa sau uku a minti ɗaya shi ne lokacin da adafta ke ƙonewa. Da damina in kana da eriyar intanet a saman kwano ka san tsawa tana biyo wayar netwok ta shigo har cikin rauta da saba, in hadari ya haɗu sosai zare wayar.

Yanzu ga ainihin wajen da nake so a tsaya, tashi da kanta. Mataki na farko a BIOS yake, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. A Dell sunansa AC Recovery, a HP da Lenovo After Power Loss, ka mayar da shi Power On, ma'ana da ta ji wuta ta kunna kanta ba sai an danna maɓalli ba. Wasu laftof ma suna da irinsa, Wake on AC a Dell, Power On with AC Attach a ThinkPad. Tunda na'urar tokumbo ce ka canza mata ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, tun ranar farko, don in ya mutu duk saitin BIOS na iya gogewa da an ɗauke wuta, kuɗinsa bai kai na lemo biyu ba. Mataki na biyu faifan waje. In ka rubuta shi a /etc/fstab, fayil ɗin da Linux ke dubawa ya san faifan da zai haɗa in ya tashi, ka yi amfani da UUID ɗinsa, wato lambar shaidar faifan, kada ka sa /dev/sdb, don sunayen nan suna musanya, sannan ka ƙara kalmar nofail, in ba haka ba ranar da faifan ya yi jinkirin tashi ko wayarsa ta ɗan saki, Linux zai tsaya cak a tsakiyar tashi yana jiran wani ya zo da kibod, kai kuma kana Abuja. Na uku, in da Docker kake aiki, wato manhajar da ke ware kowace manhaja a mazubinta da ake kira kwantena, kowace kwantena ka sa mata restart: unless-stopped. Na huɗu wanda ba a cika faɗa ba, in ka kulle faifan tsarin gaba ɗaya da kalmar sirri to duk tashi sai an buga ta, wannan kuma ya ci karo da duk abin da muke faɗa, ni dai na fi ganin a bar faifan tsarin a buɗe a kulle bakof da takardu masu muhimmanci daban, amma kowa ya auna tsoron ɓarawo da wahalar tashi ya zaɓa.

In ka gama duk wannan, tun kafin ka zuba hoto ko ɗaya a ciki, zare filogin daga bango tana cikin aiki. Eh haka nake nufi, zare. Har rautar ma ka haɗa ka zare, ka jira minti ɗaya ka mayar, ka koma gefe ka zauna da wayarka kada ka taɓa komai, ka ga ko kowace manhaja za ta dawo. A nan ne za ka gano cewa saba tana riga rauta tashi, rautar sim tana iya ɗaukar minti biyu tana neman sabis, sai wata manhajar ta nemi intanet ta rasa ta yi fushi ta kwanta ba ta sake gwadawa ba. A nan ne kuma za ka gano ko UPS ɗinka yana kunna kansa bayan ya mutu murus ko sai an danna shi. Gwajin nan ya fi duk wani bidiyon koyarwa da za ka kalla amfani, kuma duk sanda ka canza wani babban abu ka maimaita shi.

Zafi da ƙura su ne abokan gaba na biyu. Maris zuwa Mayu Kano da Sakkwato da Maiduguri digiri 40 ba labari ba ne, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin mai kyau ya fi haka. Kar ka kulle saba a durowa ko cikin kabad ɗin talabijin, kar ka ɗora ta a kan inbata ko kusa da batir, ka ɗaga ta daga ƙasa ka bar mata iska ta ko'ina. Faifai mai juyawa, HDD, yawancinsu iyakar da masu yin su suka rubuta digiri 55 zuwa 60 ne, ni in na ga ya haura 45 nake fara neman dabara, 'yar fankar USB da aka kafa masa tana sauke zafin sosai. Ƙura kuwa sai wanda ya buɗe ya gani. Ka buɗe ƙaramar kwamfutar nan a ƙarshen Fabrairu bayan hunturu ya wuce, dunƙule ɗaya ne a baya sai murfin ya zame, ɗaga fankar ka leƙa tsakaninta da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi, za ka tarar da wani jan bargo na ƙura ya toshe wajen gaba ɗaya har kana iya ɓare shi da yatsa ya fito a haɗe, fanka na ta ihu amma iska ba ta wucewa. Buroshin fenti mai laushi da bulowa sun isa, sai dai ka danne fankar da yatsa lokacin da kake hurawa kada ta yi ta juyawa a banza. A yi haka bayan hunturu, a sake kafin hunturu.

Wajen sayen faifai a yi hattara, araha ba ta ado. Filash da memori da SSD na bogi sun cika kasuwa, a rubuce TB 2, kwamfuta ma ta nuna TB 2, amma cikinsa bai fi GB 32 ba, yana karɓar kaya yana taka na baya, sai ranar da ka buɗe hoto ka ga ba komai. Akwai f3 a Linux da H2testw a Windows, suna cika shi da bayanai su karanta su gaya maka gaskiyar girmansa, a gwada kafin a yarda da shi. HDD na hannu kuma ka sa smartctl -a a kansa tun a shagon in mai shagon ya yarda, duba Power_On_Hours ka ga awa nawa ya yi yana aiki, shekara ɗaya awa 8,760 ce, sannan layi na 5 da na 197, Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector, in ba sifili ba ne ajiye masa kayansa. Tsarin Linux da manhajoji su zauna a SSD, HDD na hotuna da bidiyo ne.

Toh shiga daga waje fa, kana kasuwa ko kana tafiya kana son ɗauko takarda a gida? Koyarwar da za ka gani za ta ce buɗe fot a rauta, wato ƙofar da za a shigo ta ita daga intanet. Yawancinmu da sim muke, MTN ko Airtel ko Glo, kuma layukan waya kusan duka suna bayan abin da ake kira CGNAT, wato mutane da yawa ne ke raba adireshin IP ɗaya na waje, don haka ko ka buɗe fot ɗari ba wanda zai same ka. Starlink ma da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 tsarinsa na gida haka yake. In kana son tabbatarwa shiga shafin rautarka ka duba adireshin WAN, in ya fara da 10 ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko bai yi daidai da wanda shafukan duba IP ke nuna maka ba, to kana ciki. Ni kuwa ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, ya ma raba ka da fitina. Ka sa Tailscale a saba ka sa a wayarka, manhaja ce da ke haɗa su ta ɓoyayyar hanya, yana da tsarin kyauta na mutum ɗaya da iyalinsa, na'urorinka za su ga juna duk inda suke ba tare da ka buɗe wa duniya komai ba. Abu ɗaya, makullin kowace na'ura yana ƙarewa bayan kwana 180 in ba ka canza ba, ka shiga shafinsu ka kashe wannan a kan sabar, in ba haka ba wata shida cif sai ta ɓace maka. Kuma ka tuna in kana kallon bidiyo daga waje data biyu kake ƙonawa, ta gida tana turawa ta waya tana karɓa, saboda haka fim a bari sai an dawo gida, cikin wayifai na gida ko kobo ba ya ci.

Wanda Allah ya ba fayiba da adireshin waje na kansa shi ne ma ya kamata ya fi jin tsoro. A Yunin 2021 mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari an goge musu komai a akwatunan ajiyar bayanai na WD My Book Live daga nesa, na'urorin da rabon su da sabuntawa tun 2015. A Janairun 2022 wani shirin kutse mai suna DeadBolt ya kulle dubban akwatunan ajiya na kamfanin QNAP da ke fuskantar intanet kai tsaye yana neman fansar bitcoin 0.03 kan kowane. Kutsen da aka yi wa LastPass, kamfanin ajiye kalmomin sirri, a 2022 ma ta kwamfutar gidan wani injiniyansu aka bi, yana da Plex, manhajar kallon bidiyo, wanda bai sabunta ba alhali tun 2020 aka toshe ramin. In ban da na LastPass da shi aka nufa da gangan, babu wanda ya san sunan mutanen nan ya nufe su, injuna ne ke zagaye intanet suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Saboda haka SSH, wato hanyar shiga saba daga wata na'ura, da makulli kawai, a kashe shiga da kalmar sirri, a kunna unattended-upgrades ya riƙa shigar da gyaran tsaro da kansa, a kashe UPnP a rauta, saitin da ke barin na'urori su buɗe fot da kansu, kuma kada a buɗe abin da ba dole ba.

Manhajoji kam ba zan daɗe a kai ba don su ne kowa ke magana a kai. Debian ko Ubuntu LTS mai tallafin shekara 5, Docker a kai, ya isa. Proxmox, mai raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar da yawa, yana da daɗi amma sai ka san me kake nema da shi. Samba don wayoyi da kwamfutoci su ga folda, Jellyfin don bidiyo da karatu, Immich ko Syncthing don hotunan waya su riƙa kwafar kansu da an shigo gida, Kiwix in kana son Wikipedia ba intanet, ta Hausa 'yar ƙarama ce ta Turanci mai hotuna kuma wajen GB 100, ga 'yan makaranta abin ya yi. Fara da biyu, ka yi wata da su, sannan ka ƙara, don duk abin da ka ɗora kai ne za ka yi renonsa. Pi-hole mai toshe talla yana rage cin data amma ka sani in duk gidan ya dogara da shi ranar da saba ta kwanta intanet ɗin kowa ya tsaya, uwargida na tsakiyar kiran bidiyo da 'yan uwanta, yara na jiran aikin makaranta, kai kuma ba ka gida, don haka ko dai ka sa shi a na'urorinka kai kaɗai ko ka koya wa wani yadda zai mayar da saitin rauta. Imel kuwa kar ma ka fara, fot 25 a toshe yake a yawancin layuka, adireshin gida kuma manyan masu imel ba sa yarda da shi, saƙonka kwandon shara zai riƙa faɗawa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kula da ita bayan nan ba wani aiki ne mai yawa ba in an tsara. Sau ɗaya a wata ka shiga ka buga df -h ka ga waje, don abin da ya fi kashe sabar gida a ɓoye shi ne faifai ya cika da tarkacen Docker da rubutun log, wato bayanan da manhajoji ke rubutawa na ayyukansu, docker system prune yana share tsofaffin, log ɗin kuma a sa masa iyaka. Sabunta kwantenoni kar ka bar shi ya riƙa yin kansa, na ɗaya wasu ɗaruruwan MB ne kowace, gara ka bari sai dare in kana da datar dare, na biyu wani sabuntawar yana canza tsari ya karya maka abu, karanta bayanin da suka fitar tukuna, kuma kar ka yi ana gobe za ka yi tafiya. Wata manhaja mai suna "Uptime Kuma" na iya turo maka saƙo a Telegram in wata manhaja ta faɗi, sai dai in a kan sabar yake kuma ita ce ta mutu gaba ɗaya ba mai turo saƙon, wannan kam shirun ne zai gaya maka.

Na bar bakof a ƙarshe ne saboda shi ne wanda in babu shi gara ma ka bar hotunanka a Google. Faifai biyu masu kwafar juna a cikin akwati ɗaya, wato RAID, ba bakof ba ne, in ka goge abu bisa kuskure ya gogu a duka biyun, in wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona su tare, in ɓarawo ya shigo tare zai ɗauka. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1, kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani waje daban. A wajenmu tura GB 500 sama ta layin sim ba abu ne mai yiwuwa ba, to wajen daban ɗin gidan mahaifiyarka ne ko shagonka ko durowar ofis. Sayi faifan USB biyu, ɗaya yana gida manhajar bakof irin restic ko borg na zuba masa kowane dare, ɗaya yana can, in ka je gaisuwa ranar Juma'a ka tafi da na gida ka dawo da na can. Takardu ƙanana masu tsada irin su takardar fili da sakamakon makaranta da fasfo su kam ka kulle su ka tura sama ma, ba su da nauyi. Lokaci-lokaci ka ɗauko folda ɗaya daga bakof ɗin ka buɗe hotunan da idonka, don ana samun wanda ya shekara yana kwafar folda wadda ba komai a ciki bai sani ba.

Sannan hotunan iyali musamman, ka ajiye kwafi ɗaya a faifai daban a matsayin folda na yau da kullum, shekara-shekara, ba kulli ba wata manhaja, a tsarin exFAT wanda Windows da Mac da Linux duk suna karantawa, yadda ko ba ka nan ƙaninka ko matarka za su soka shi a kowace kwamfuta su ga komai. Kalmomin sirri na saba da na bakof da na Tailscale kuma ka rubuta su da biro a takarda, tare da layi uku na yadda ake kashe na'urar da kunna ta da wace waya ke shiga ina, ka sa a ambulan cikin jakar da kuke ajiye takardun gida.